Sunayen da Ba a Kankare Ba

Saura ƙiris Hafiza ba ta rubuta takardar nan ba. Sau uku tana ɗaukar biro tana ajiyewa. Iyakar karatunta aji shida na firamare, kuma ita mutum ce wadda ko sallama za ta yi a gidan mutane sai ta tsaya a ƙofa ta gwada ta a zuci tukuna. Ga shi an ce ta rubuta tarihin mahaifinta, marigayi Malam Kalilu, a karanta wa jama'a da lasifika.

Wanda ya ɗora mata wannan aiki shi ne Alhaji Illo, ɗan garin da ya koma Sakkwato ya zama ɗan kwangila, wanda tun bara hotonsa ke manne a jikin kowace bishiya daga Sabon Birni har Isa, yana murmushi yana neman kujera. Ya zo kwana goma kafin sadakar arba'in, ya zauna a zaure. Inna Hajo, mahaifiyar Hafiza, tana takaba, don haka daga bayan asabari take amsa masa. Hafiza kuwa tana maƙale a bayan ƙyaure.

"Inna, mun kafa ƙungiya," in ji Alhaji Illo. "Ƙungiyar Tsoffin Ɗaliban Koci Kalilu. Ni anka tilasta ma shugabanci."

"Wane ne Koci?" in ji Inna Hajo.

"Malam mana. Haka aka ce ma irinsu a duniya."

"To. Shekara talatin muna tare, bai taɓa gaya mini ba."

Malam Kalilu malamin firamare ne a garinsu da ke bakin gulbi, kusa da Gangara. Lissafi yake koyarwa. Wata damina, yana saurayi, kwalekwale ya kife da yaran ƙetaren gulbi masu zuwa makaranta. Washegari ya kira sunaye a aji huɗu, uku ba su amsa ba. Da rani ya yi sai ya tafi wurin masunta, da gemunsa da komai, ya ce su koya masa iyo. Tun daga nan, duk ƙarshen rani, kafin gulbi ya kawo, yakan kwashi yara zuwa tafkin da gulbin ke bari a ƙarƙashin wata tsamiya, ya ɗora kowa a kan gora irin ta masunta, har ya iya zama a ruwa ba ita. A cikin iyalinsa, matarsa ya fara koya wa, sannan 'ya'yansa. Da Hafiza ta girma, ita ke shiga ruwa da 'yan mata a can lungun tafkin, shi kuma ya zauna a gindin tsamiya ya juya musu baya. Da kunne yake koyarwa. Sai a ji ya ce, "Ta uku daga hagu, kina dukan ruwa awa ya ci miki bashi. Lallashe shi."

Alhaji Illo na cikin bayanin ƙungiya sai ya ɗaga kai. Gorunan na rataye a rufin zaure cikin ragar igiya, guda goma sha tara. Goma sha ɗaya jikinsu ya yi fari fat, ba rubutu. Takwas kuwa kowace da suna a jiki, da shuɗin fenti mai haske. Ya miƙe, ya matsa, ya karanta ta farko da ƙarfi.

"Illo."

Ya ciro hankici ya share idon da bai kawo ruwa ba.

"Kun gani? Shekara talatin da ɗaya, Malam bai manta da ni ba. Ga Fatihu, sakatarenmu. Ga Talha na Isa. Allahu Akbar. Zaɓaɓɓun ɗalibansa ya rubuta."

Nan take ya yanke shawara. Za a kwashe gorunan duka a kai makaranta. Masu suna za a jera su a gaban manyan baƙi ranar taro. Marasa suna za a rubuta musu sunayen waɗanda suka taimaka wa ƙungiya. Bayan taro Is'haƙa kafinta zai shafe su da man sheƙi, ya buga wa kowace ƙusa a bangon ofishin hedimasta.

Ƙusa. Hafiza a bayan ƙyaure ta san abin da hakan ke nufi. Gora in ta sami huda ko ta allura ce, ta gama aiki, ruwa za ta sha ta nutse da wanda ke kanta. Irin waɗannan manya kuwa ba a kasuwa ake tsintar su ba. Sai an shuka, an jira, an shanya shekara guda.

"Alhaji," in ji Inna Hajo, "gorunan ga na aiki ne."

"Aikinsu ya ƙare, Inna. Yanzu sun zama tarihi."

Ya bar buhun shinkafa a zaure, ya bar umarnin a rubuta masa tarihi tunda an ce ɗiyar Malam na da kyan rubutu, aka loda goruna a bayan mota.

Abin da ya hana Hafiza sukuni shi ne ruwan farko ya riga ya sauka. Mako uku ko huɗu gulbi zai cika ya haɗiye tafkin. Bana Malam ya kwanta ciwo tun kafin a fara, don haka yaran ƙetare goma sha huɗu da suka shigo aji ɗaya ba wanda ya taɓa ɗora su a kan gora. Ga kuma ƙanwarta Khairat, 'yar shekara takwas, wadda ta fara bara, ƙyanda ta katse ta. Tana iya shiga ruwa, ba ta iya fita ba, kuma wannan ya fi rashin iyawa gaba ɗaya hatsari. A shekarun nan da wani lokaci akan ce wa gari a tashi ba shiri saboda 'yan bindiga, kowa ya san gulbin nan hanya ce.

"Inna, mi za ni rubuta?" ta tambaya a rana ta tara, takarda na nan fara.

"Abin da kinka gani. Ubanki bai son ƙari ko a miya."

"In na rubuta abin da na gani, za a ji kunya."

"Ke ce za ki ji, ko su?"

Hafiza ta yage shafi huɗu daga tsakiyar littafin Khairat, ta zauna a gindin turmi da hantsi, ta rubuta. Ba ta sa sunan kowa ba sai na mahaifinta da na ƙanwarta.

Ranar taro ta miƙa wa Alhaji Illo takardar da hannu biyu, idonta a ƙasa. Ta so ta ce ya duba kafin ya karanta. Har ta ce, "Alhaji, da ka..." sai ya ninke ta ya jefa a aljihun babbar riga.

"Na san Malam hiye da takarda, ɗiyata. Don cika ƙa'ida ne kawai."

An kafa rumfuna biyu a filin makaranta. An rataya wani ƙaton kyalle mai hoton wani wurin wanka na ƙasar waje, ruwansa shuɗi kamar an zuba bula, an ɗora kan Malam Kalilu a tsakiya da hularsa, kamar yana leƙowa daga ciki. A kan dogon tebur an jera goruna takwas, sunaye na fuskantar jama'a, an zaunar da kowane mai suna a bayan tasa don masu ɗaukar hoto. Kujerar ƙarshe an ɗora Khairat a kai, don gora ta takwas tata ce, ƙafafunta na lilo ba su kai ƙasa ba. Sauran goma sha ɗaya na tare a gefe, kusa da Is'haƙa da gudumarsa da ƙusoshi a cikin gwangwani.

Malam Fatihu sakatare ne ke rabon kujeru. Wani dattijon makiyayi, Baffa Abu, wanda kowace damina yake ƙetarar da shanu arba'in yana riƙe da wutsiyar na ƙarshe, ya zo zai zauna a gaba.

"Baffa, nan na tsoffin ɗalibai ne. Akwai sunanka ga gora?"

Baffa Abu ya dubi gorunan ɗaya bayan ɗaya, ya dubi masu su.

"Babu, alhamdu lillahi," ya ce, ya koma baya ya dogara da sandarsa.

Can bayan ne aka taru: manoma, makiyaya, masu tallan fura, matan ƙetare da goyonsu. Hafiza ta shige tsakiyarsu ta ja mayafi har goshi. Ta lura ba mai magana a cikinsu. Kallon tebur kawai suke yi, wasu na cizon leɓe.

Aka buɗe da addu'a, aka shiga jawabai. Malam Fatihu ya ce shi da ruwa tamkar kifi ne, duk albarkacin Koci. Talha na Isa ya ce ya taɓa ceto jaki da kayansa a tsakiyar gulbi. Da aka zo kan Alhaji Illo, ya karɓi lasifika ya ajiye Sakkwatancinsa a gefe, ya ɗauko Hausar rediyo. Gaisuwar manyan baƙi kaɗai ta ci minti ashirin. Ya ce shi ne ɗalibin Koci na farko. Ya ce yana ɗan shekara goma sha biyu ya ƙetare gulbi a watan Agusta da buhun gero a ka, geron bai jiƙe ba. Ya yi alkawarin in Allah ya ba shi kujera zai gina wa garin wurin iyo na zamani irin na jikin kyallen nan. Aka yi tafi a gaba. A baya wata mata ta tambayi ta kusa da ita ko da ruwan famfon garin za a cika shi, wanda ya shekara biyu bai ɗiga ba.

"Yanzu zan karanta muku tarihin gwarzon namu," in ji Alhaji Illo, "wanda ƙungiya ta sa aka tattara bayan dogon bincike."

Ya warware shafukan littafin Khairat. Hafiza ta ƙara jan mayafi.

Ya karanta labarin kwalekwale da muryar wa'azi. Ya karanta yadda Malam ke dawowa daga makaranta ya karɓi tsintsiya a hannun matarsa in bayanta na ciwo, ya rufe ƙofar gida don kada maƙwabta su gani su yi masa dariya, su kuma suna gani ta katanga. Ya karanta yadda yake yanka rake gaɓa-gaɓa ya raba wa 'ya'yansa, ya ce shi haƙorinsa ba ya so, alhali so yake. Mutane suka yi murmushi. Alhaji Illo ya ji daɗin yadda ake sauraronsa, ya ƙara ɗaga murya, ya shiga shafi na uku a guje.

"Babana ba shi da littafin sakamako na ruwa. Gora ce littafinsa. Ran da yaro ya fara, sai ya rubuta sunansa a jikin gora da shuɗin fenti. Ran da ya ƙetare tafki ya dawo ba gora, sai Baba ya miƙa masa wuƙa ya kankare sunansa da hannunsa, a ba wani. Shi ya sa gorunan da suka fi aiki ba su da suna, sun yi fari don kankara."

Ya ɗaga yatsa sama don jaddadawa, ya ci gaba.

"Wanda kuwa ya ji tsoron ruwa ya gudu bai gama ba, Baba ba ya kankare sunansa, kuma ba ya ba wani gorarsa. Yakan ce, mai ita zai daw..."

Yatsan na nan a sama. Lasifikar ta yi ɗan kuka ta yi shiru. Wani ɗan akuya ya ratsa ta gaban tebur, kowa ya ji takunsa.

Daga baya muryar Baffa Abu ta taso a hankali.

"Ci gaba, Alhaji. Muna saurare. Binciken ya yi kyau."

Ba a yi dariya da ƙarfi ba, don taron mamaci ne. Amma mayafai sun yi ta rawa, kafaɗu na motsi, wani tsoho ya kama tari har aka ba shi ruwa. Malam Fatihu ya sa hannu a hankali ya juya gorarsa, sunan ya koma yana kallon cikinsa. Talha na Isa ya yi haka. Ɗaya bayan ɗaya goruna suka juya wa jama'a baya, sai ta Alhaji Illo da ba mai juya ta, da ta Khairat, wadda ba ta ga abin ɓoyewa ba.

Alhaji Illo ya duba takardar yana neman wurin tsira. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya tsallake layi biyu, ya faɗa kan na gaba, kuma Hafiza ta ji muryarsa ta sauko, Hausar rediyon ta zube.

"Duk shekara yakan sabunta fentin don kada sunayen su goge. Akwai wadda ta fi kowace daɗewa. Ya ce mai ita yaro ne mai kirki, ranar farko ruwa ya shiga hancinsa, kuma laifin nasa ne shi Baba, don lokacin bai iya koyarwa ba, ya sake shi da wuri. Ko a makon da zai rasu ya sa na ɗauko fenti na bi sunan, don hannunsa na rawa."

Ya tsaya. Wannan karon bai ciro hankici ba. Ya dubi gorar da ke gabansa, haruffa huɗu, fentin ko wata biyu bai yi ba. Saura layi uku a takardar, ya karanta su kamar mai karanta wa kansa.

"Gora in an huda ta, ta mutu. Khairat ba ta gama ba, kuma akwai yara goma sha huɗu na ƙetare da ba su fara ba. Ina roƙo kada a buga musu ƙusa."

Sannan Alhaji Illo ya gyara hula, ya gyara murya, kuma da yake faɗan da ya fi ƙarfin mutum wasa ake mai da shi, Hausar rediyo ta dawo daram.

"Jama'a, wannan shi ne ainihin matsayin ƙungiya tun farko. Mun daɗe muna cewa kada a taɓa gorunan nan. Ban san wanda ya kawo maganar ƙusa ba." Ya juya. "Is'haƙa, me kake yi da guduma a taron ilimi?"

Is'haƙa ya dubi gudumar, ya dubi Alhaji.

"Kujera nika gyarawa, ranka ya daɗe."

"To a gyara ta a waje."

Nan take aka kafa ƙaramin kwamiti na kare goruna, Malam Fatihu ya zama shugaba, aka yi tafi, aka raba shinkafa.

Bayan la'asar Is'haƙa ya turo gorunan gida a baro, goma sha tara cif, ba huda. Ya tsaya a zaure ya yi sallama.

"Inna, Alhaji ya ce a gaishe ki. Ya ce wai tunda tarihi ya riga ya shiga takarda, a kankare sunayen ga, kada su ɓata ma yara goruna."

Gidan na jin lasifikar makaranta sarai, don haka ba abin da ya wuce Inna Hajo.

"Ka ce muna amsawa. Wuƙar tana nan inda Malam ya bar ta. Mai suna shi ka kankarewa da hannunsa, in ya ƙetare ya dawo. Tafkin bai kai wuyan Alhaji ba wajen tsamiya, in shina so."

"Haka za ni ce?"

"Ka rage abin da ba ka iya ɗauka."

Is'haƙa ya tafi yana dariya ƙasa-ƙasa. Inna Hajo ta ɗaga asabari ta dubi Hafiza, wadda tun dawowarta take zaune a bayan ƙyaure kamar mai jiran hukunci.

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"Tashi ki ci. Gobe da aiki."

Washegari, rana na fitowa, Hafiza ta ɗaure gorunan a igiya biyu, ita da Khairat suka ja su zuwa tsamiya, da gwangwanin fenti da wuƙar Malam a cikin kwano. Ta zaci yara goma sha huɗu za ta tarar. Ta tarar da goma sha takwas, don labari ya ƙetare gulbi tun jiya. Baffa Abu na tsaye a cikinsu ya naɗe wando har gwiwa.

"Ɗiyar Malam, ba ni mazan. Ke ji da matan."

Ta ƙirga yara, ta ƙirga fararen goruna, ba su kai ba. Ta daɗe tana kallon bakwai ɗin nan da mahaifinta bai taɓa ba kowa ba. Sannan ta ɗauki wadda ta fi kowace daɗewa, ta kira wata 'yar ƙetare mai suna Basira, wadda ke ɓoye a bayan 'yan uwanta tana kallon ruwa a tsorace. Ta tsoma tsinke a fenti. Ba ta taɓa sunan Illo ba. A ƙarƙashinsa ta rubuta Basira da ƙananan haruffa, ta hura har ya sha iska, ta kama hannun yarinyar suka shiga ruwa.